Matar da Ta Daina Zuwa Karɓar Magani

Shekarar da na kammala digiri na uku aka ɗauke ni aikin bincike na shekara biyu a kan tarin fuka. Abin da muke son ganewa shi ne yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke tarbar cutar idan ta shiga huhu. A jikin wasu sukan kewaye ta su kulle, a jikin wasu kuma su gaza, ta yi ta cin huhun. Ni aka turo garinmu Kontagora, in riƙa ɗibar jini da kaki daga marasa lafiyar da suka amince, in sa a kula mai ƙanƙara in aika ɗakin gwaje-gwaje.

Cikin waɗanda nake bi akwai wata Bafulatana daga wata ruga bayan Kasuwan Garba. Duk wata mijinta ke kawo ta a babur. Doguwa ce, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Hausarta kaɗan ce, shi ke yi mana tafinta. Wata biyu da fara magani tarin ya lafa, ta soma cin abinci, har ta kawo min man shanu a 'yar ƙwarya.

Na ce wa mijin, "Malam, kada sauƙin nan ya ruɗe ku. Wata shida ake sha. In aka tsaya a tsakiya cutar takan dawo, wani lokaci ma ta daina jin maganin."

Ya ce, "Likita, in dai hanya ta bari, za mu zo."

A wata na uku ba su zo ba, na huɗu ma shiru. Wayarsa a kashe. 'Yan acaɓa a tasha suka ce min 'yan bindiga sun tashi rugagen wajen, ba mai kai fasinja can. Shugaban bincikenmu ya rubuto yana tambayar jinin da bai iso ba. Na amsa masa cewa mai jinin ce ban san inda take ba.

Wata Laraba da hantsi, damina ta kankama, na ga mijin tsaye a ƙofar asibiti, babu babur. Kafin ya gaishe ni ya kau da kai ya yi tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Na ce, "Ina take?"

"Tana nan cikin gari. Mun baro daji. Shanun ma an kore su."

Muka hau keke napep ya kai ni wani kango a bakin gari, inda iyali uku na danginsa suka fake a ɗaki guda. Taga ɗaya ce, ita ma an toshe ta da buhu. Na ɗaura takunkumin fuska na shiga. Tana kwance a tabarma da jaririyarta a ƙirji. Da ta gan ni ta tura wani tsumma ƙarƙashin tabarmar, amma na riga na ga jinin da ke jikinsa. Yara biyar na cin tuwo a kwano ɗaya kusa da ƙafarta. A lungu wata tsohuwa na tari, ba wanda ya ko waiwaye ta.

Na fizge buhun daga tagar.

Mijin ya ce, "Likita, ruwa zai shigo."

Na ce, "Bari ya shigo, Malam."

Gwaji ya nuna abin da nake tsoro: cutarta ta daina jin maganin farko. Aka kwantar da ita, aka sa ta a kan wani mai tsawo da wahalar sha. Mijin da tsohuwar ma an samu cutar a jikinsu, aka kwantar da su. Na roƙi sauran su kawo yaran ranar Litinin a duba su, suka ce to.

Ranar Litinin ba wanda ya zo. Na koma kangon na tarar an share ɗakin tas. Wata maƙwabciya ta ce sauran iyalan biyu sun nufi wajen Zugurma neman aikin gona, sun tafi da yaran duka, har da jaririyar, tunda uwarta na asibiti.

Matar ta rayu, da ragowar huhun da bai kai ta ɗauki tulu ba. Yaran kuwa, na yi kwanaki ina tambaya a tasha wace mota suka shiga, babu direban da ya tuna da su.