Hoton Maman Auta

Duk layin an san cewa idan kana so ka fito a hoto fiye da yadda Allah ya yi ka, to kada ka taka shagon Yadda-Kake. Sunan da aka laƙaba masa ke nan har na yankan ya ɓace, domin amsarsa ɗaya ce ga duk wanda ya roƙi a ɗan gyara shi: yadda kake zan fito da kai. Mai ƙuraje a goshi da ƙurajensa zai fita, mai giɓi da giɓinsa, mai sanƙo kuwa sai dai ya sa hula. Matar da ta shigo baƙa, ko za ta yi kuka da majina, baƙa za ta fito a takarda.

Kada a ɗauka ganda ce. Mutumin nan zai ɓata rabin hantsi a kan fuska ɗaya. Ya ja fitila nan, ya karkata lemarta can, ya ɗaga maka haɓa da ɗan yatsa, ya yi ta jan ka da surutu har ka manta da kyamara ka saki jiki, a lokacin ne zai danna. Shagon ɗaki ɗaya ne, da labule shuɗi wanda rana ta cinye, da kujera mai juyi, da madubi da mataji a rataye kusa da ƙofa, sai tsohuwar kwamfuta da ke nishi kafin ta tashi. A ganinsa haske nasa ne, yana da ikon juya shi yadda ya so, amma fuska ta mai ita ce.

Akwai dalili, sai dai bai cika faɗa ba. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ya bar hoto ɗaya tak, wanda mai hoton wancan zamanin ya bi da fenti ya cike kumatun, ya share tabon da ke gira, ya miƙe hancin. Haka ya tashi yana kallon wani baƙo a bangon ɗakin mahaifiyarsa, har ainihin fuskar ta sulale daga kansa. Da ya kama sana'a sai ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai yi wa ɗan wani haka ba. Wannan shi ne dalili mai kyau. Akwai kuma na biyu, wanda ya sani sarai ko da bai furta ba: yana jin daɗin zama mutumin da ya ce a'a. Taurin kai gare shi, kuma yana ɗan ji da taurin kan.

Da aka buɗe sabon shago a tsallaken titi, sai layin ya koma can. Mai shagon wani matashi ne mai fara'a, wanda za ka shiga wurinsa da fuskarka ka fito da ta wani, sumul kamar ƙwai, fara tas, ko uwarka sai ta duba sau biyu. Mutane kuwa suna so. Abin da ya rage wa Yadda-Kake shi ne masu hoton fasfo da na katin shaida, waɗanda dole ce ta kawo su, su zauna fuska a murtuke, su karɓa su fita ba ko godiya. Wannan yana cin ransa fiye da rashin ciniki. Ya ƙware a aikin da ba wanda ke nema, kullum yana zaune a bakin ƙofa yana kallon amare suna hawa matakalar tsallake, yana tsaki shi kaɗai.

A gida matarsa, Maman Auta, ita ce mai yi masa dariya. Takan ce da zai daure ya miƙe hanci ɗaya a rana da tuni an sauya labulen nan. Amma wasa ne, ba ta taɓa matsa masa ba. Mace ce mai dariya da dukkan baki, wadda ake jiyo ta daga zaure, kuma duk ƙuncin da halinsa ya jawo wa gidan tare suka sha.

Sai wata safiya tana kurkure baki ruwan ya zubo ta gefe ɗaya. Aka yi asibiti, aka ce hawan jini ne. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, magana ma ta dawo, amma bakin ya tsaya a karkace, ya ja ƙasa ta hagu, idon wannan gefen kuma ya ɗan sauka. Tun daga nan gefen mayafi ya koma kan bakinta. Ta daina shiga mutane, ta juya madubin ɗaki ya kalli bango, abinci ma sai ta ba shi baya take ci. Idan 'yarsu Auta ta kira daga garin da take aure, murya kawai za a ji, ba ta yarda a kunna hoto.

Autar ce ta tayar da maganar. Ta ce tana son hoton Mama babba ta rataye a falo, yara su riƙa ganin kakarsu. Aka duba gida, sai abin kunya ya fito: mutumin da ya ɗauki rabin garin nan, hoton matarsa na ƙarshe da yake da shi tun Auta tana goye ne. Kullum gobe, kullum ai tana nan.

Ranar da Maman Auta ta zo shagon da hantsi, ta ci ado, har da turare, sai murna ta kama shi. Ya goge kujera da hannun rigarsa, ya kunna fitilu. Ta zauna a takure, hannu a baki. Bai ce ta sauke ba. Ya shiga ba ta labarin wani mai gashin baki da ya zo jiya yana so a cire masa tumbi, yana kwaikwayon yadda mutumin ya riƙe numfashi har ya kusa suma. Ta yi ta dannewa, ta kasa, dariya ta ƙwace mata, hannun ya sauka. Ya danna.

Ya duba hoton. Ita ce, gaba ɗayanta. Dariyar ta tafi gefe guda, ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, amma duk matar da ya sani tana ciki, da tsokanarta da haƙurinta da ciwon da ta tsallake. Bai taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba, ya kuma san haka. Ya juya mata kwamfutar yana jiran ta gani.

Kallo ɗaya ta yi ta kau da kai.

"Ka gyara bakin, Malam."

Ya yi kamar bai ji ba, ya fara nuna mata yadda hasken ya kwanta a kumatunta. Ta maimaita. Sai ya hau bayani, cewa ta fi kowa sanin bai taɓa yi ba, cewa idan ya yi mata da wane ido zai kalli waɗanda ya kora, cewa shi wallahi a haka ta fi masa kyau. Ta bar shi ya gama tsaf. Ta ce ta san duk wannan, ai da ita aka yi, kuma ba ta taɓa cewa ya sauya don wani ba.

"Amma kai kallon fuskar kake yi," in ji ta. "Ni ce a cikinta. In ba za ka iya ba, tsallaken titi ba nisa."

Ta ja mayafinta ta tafi, ta bar shi da fitilu a kunne.

Ya yi kwanaki yana fushi, da ita, da Auta, da matashin tsallake, da garin da kowa ke gudun fuskarsa. A gida ba ta sake tayar da zancen ba, wannan shirun kuwa ya fi faɗa ciwo. A shago ya yi ta juya abin yana neman inda zai tsaya. Ya tambayi kansa ko don jikokin yake ƙi, kada su tashi da baƙuwa a bango, ko kuwa don kada layi ya ji cewa Yadda-Kake ya gyara hoto. Ya so a ce na farkon ne kaɗai. Da ya duba da kyau sai ya ga na biyun ma yana nan zaune daram, ya ji haushin kansa. Sannan ya hango ta a kujerar tsallake, tana sauke hannu a gaban wanda bai san ta ba, wanda zai wanke ta tas ya mayar da ita wata yarinya fara. Wannan kam bai iya haɗiye shi ba.

Da rana tsaka ya tura ƙofar shago rabi, ya zauna gaban kwamfuta. Ya iya aikin, ya daɗe da koya a ɓoye don kada a ce rashin iyawa ne ya sa yake ƙi. Bai taɓa launin fatarta ba, bai share ko layi ɗaya na tsufa ba. Gefen bakin kawai ya ɗaga, a hankali, har ya kai inda ya san yake a da, ya ɗan buɗe idon. Bai nemi tsohon hoto ya gwada ba, hannunsa ya san wurin. Abin takaicin shi ne ya yi kyau, ba wanda zai gane an taɓa.

Ya aika ta zo. Ta tsaya a bayansa ta daɗe tana kallo, sai ya ji numfashinta ya sauya. Ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin daidai bakin. Ta yi masa godiya da irin muryar da ya daɗe bai ji ba, ta ce a wanke babba, a sa masa firam mai ruwan zuma, a tura wa Auta tun yau ta waya. Ya ce to. Ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji kamar an zare masa wani abu, duka a lokaci guda.

Har ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Wancan fa, na farkon?"

Ya ce yana nan. Ya ce ba wanda zai gani, shi kaɗai zai ajiye, nasa ne.

"Goge shi, Malam. Don Allah."

Da wani ne da ya ce ya goge, ya ɓoye abinsa a wani lungu na kwamfutar, a zauna lafiya. Shi kuwa bai taɓa yi mata ƙarya ba, ita ma ta san ba zai fara yau ba, shi ya sa ta dawo ta tsaya a kafaɗarsa ba don tsaro ba, don kawai a gama. Ya buɗe hoton. Ga ta nan tana dariyarta ta gefe guda, matar da yake komawa gida ya tarar kullum, wadda ba ta da wani hoto a duniya sai wannan.

Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Bai tabbata ba. Ya danna.