Hannun Hagun Rigar Inna Dije

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar kakata Inna Dije, kuma har gobe ina kan bakana: ita ce mace ta farko a ƙasar nan da ta ɗora 'yar gajeriyar riga a kan kayan amarci. Amaren yau duk bayanta suke bi. Turawa ma, in an bincika, a wurinta suka gani. Kuma kaf jikokinta babu wanda ya fahimci wannan riga kamar ni.

An kawo ta ɗakin miji daga Tsafe zuwa Gusau a shekarun da ake shimfiɗa titin jirgin ƙasa. A lokacin amarya ɗaurin ƙirji take yi, a lulluɓe ta, shi ke nan. Inna ta yanki saƙi ta ɗinka wa kanta riga iya ƙirji. Hannun hagu ya sauko har wuyan hannu, na dama ya tsaya a gwiwar hannu. Shekara da shekaru ina gaya wa jama'a cewa salo ne, sai mai ido yake gane shi.

Watan jiya na aurar da ɗiyata Hafsatu. Saura kwana uku biki tela ta kawo rigar amarya, fara fat, hannuwanta na leshi shara-shara kamar gidan sauro. Uwar ango, Hajiya Asabe ta Bunguɗu, ta ɗaga hannun rigar, ta hango ni ta ciki, ta ce amaryarsu ba za ta zauna gaban dangi a haka ba. Hafsatu ta ce ko wannan rigar ko ba ta fita, ta shige ɗaki tana kuka.

Nan na tuna da Inna. Na garzaya Magami wajen autarta Goggo Rabi, na karɓo tsohuwar rigar daga ƙasan adaka, na kai wa tela ta ɗinka irinta da farin yadi. Da ta yi maganar hannuwan, na yi mata lacca ta rabin awa. Na ce ko zare ɗaya kada ta canja.

Ranar kamu da safe Hafsatu ta gwada ta a kan rigar leshin. Goggo Rabi ta kalle ta, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wa ya ƙona min jika?" in ji ta. "Kai Bello, kunu ne hwa ya zubo ma Inna a hannun hagu tana yarinya. Tabon ta ɓoye!"

Kafin azahar tela ta daidaita hannuwan a gwiwar hannu. Kafaɗu sun rufu, leshi ya leƙo ta ƙasa. Hajiya Asabe ta rangaɗa guɗa, Hafsatu ta fito tana murmushi.

Da Inna na raye, ba na jin za ta yi faɗa da leshin yaran yanzu. Za ta shafa shi ta ce a ba ta allura. Abin da ta bar mana ke nan: amarya ta fito cikin mutane kanta a ɗage, kuma ba a ɓata da kowa ba. Allah ya jiƙanta.

Da yamma ina cikin shaida wa baƙi cewa ni na ceci bikin, sai Goggo ta jawo bakin rigata.

"Zamna, Bello. In da Inna ta yi ƙuna a baki, da ka sa an ɗinke ma yarinya baki."