Rubutu Mai Jela a Robar Yajina

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta abin da wani rubutu ya ja mini a sana'ar yaji.

A unguwar Badariya nake daka yaji ina zubawa a robobi. Da ciniki ya kankama, sai na je wani shagon buga katin biki a Nassarawa, mai shagon ya yi mini takardar mannawa. Haruffan a kishingiɗe suke, sirara, kowane ya riƙo na gabansa, na ƙarshe kuma ya saki jela ta naɗo ƙarƙashin sunana. Sai ka rantse da alƙalami aka zauna aka rubuta. Yawancin masu sayen yajina ba su karanta boko, da jelar nan suke gane kayana.

Wata safiya wata dattijuwa da ta daɗe tana saye a wurina ta shigo, ta dire mini roba a gaba.

"Ɗiyata, mi kinka zuba cikin wanga yaji? Kasuwar Argungu anka sawo min shi, duk tsaki na."

Na duba. Sunan wata ne daban, amma ga jelar nan sak. Na ce ba nawa ba ne. Ta ɗora yatsa a kan takardar. "Ni ban san boko ba, amma na san hannunki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dama ba a banza ake ce mini uwar zargi ba. Nan take ƙanwar mijina ta faɗo mini a rai, don a Argungu take aure, kuma duk zuwanta sai ta tafi da robobina. Na shiga bin maganganunta ɗaya bayan ɗaya, har yabon da take yi wa yajin ya koma mini leƙen asiri. Sai kuma na ce a'a, mai shagon ne ya sayar da ni.

Shi na fara tunkara. Ya saurare ni, sannan ya juyo mini da kwamfutarsa.

"Hajiya, hwaɗi kalmar da kike so."

Na ce albasa. Ya danna, sai ga albasa ta fito a kishingiɗe da jelarta. Ya nuna mini katin suna, da allon wani shagon ɗinki, duk hannu ɗaya. Ashe ba hannun kowa ba ne, a cikin na'urar yake, kowane shago yana da shi.

Babu ɓarawon da zan kama, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na canja takarda, na bi gidaje ina bayani, amma dattijuwar ba ta sake aikowa ba, ta kuma janye maƙwabtanta da ke saye a wurina.

Daga nan na koyi cewa abin da kowa zai iya samu da danna maɓalli, komai kyansa, ba a jingina masa suna.