Riyalin da na goge wa Haliru

Ku tsaya in tambaye ku, ku masu karatu. Mene ne abin da dauɗa ke ƙara masa daraja, wanki ya kashe shi? Ku riƙe, sai na gama.

Ina tsince albasa a gidana na Mandera, ranar Alhamis da hantsi, ɗiyata ta shigo ba sallama. Ta ce, "Inna, Haliru ne. Mota ta buge babur ɗinsa tsakanin Bodinga da Shagari." Na tambaye ta wane asibiti. Ta girgiza kai.

Haliru jikana ne, magidanci mai 'ya'ya, tela a kasuwar Bodinga. Mijina nake ce masa tun yana rarrafe, shi ko ya ce da ni amarya mai haƙori ɗaya. Bayan ɗinki yana da wata sana'a. Mata kan kawo masa tsofaffin kuɗi, anini da kwabo mai huji da sule, ya ɗauki hotonsu ya sa gwanjo a waya. Mutanen da bai taɓa gani ba su yi ta tayi, wanda ya fi ya ɗauka. Abokansa sun sha ce masa su shiga su yi tayin ƙarya farashi ya hau. Ya kan ce, "Mutumin da bai gan ni ba, ni Allah ya bar wa tsaronsa."

Ina da riyal, kuɗin da, na azurfa mai hoton kan mace, gadon uwata. Shekarun da muke bin layin shinkafa da sabulu a zamanin farar hula, yara na kwana da kunu tsurarsa, ban sayar ba. Bana idona ya fara hazo, aka ce sai an yi aiki a asibiti, na fito da shi. Ya yi baƙi ƙirin. Haliru ya ɗauki hotonsa haka, wani mutumin Legas ya cinye tayin.

Ni kuwa na ji kunya a kai wa baƙo abu da dauɗa. Na samo toka da lemun tsami na dirje shi har ya koma awa madubi. Da Haliru ya zo karɓa, ya zauna ƙasa ya dafe kai.

"Amarya, mi kinka yi?"

"Kwalliya. Kai da ba ka wanka sai Juma'a, ina ka san ta?"

Bai yi dariya ba. Ya ce baƙin nan shi ake saye, shi ne shaidar shekaru.

Na ce, "To shafa mishi baƙin tukunya. Wa zai gani daga Legas?"

"Ni na gani."

A gabana ya ɗauki sabon hoto ya tura, ya faɗi abin da ya faru. Mutumin ya yi godiya, ya fasa. Na ce wa Haliru na sake shi saki uku, kada ya ƙara tako mini gida. Rabi wasa ne, rabi kuwa haushi. Sau biyu yana zuwa da goro, ina juya masa baya. Na shirya ranar Juma'a in dama masa fura in mai da aurenmu. Goron na uku ne aka tsinta a aljihunsa.

Yanzu matan garinmu sun mai da tsofaffin kuɗinsu cikin kwalla, ba su san wa za su miƙa wa ba. Idona na ƙara rufewa, ban kuma damu ba. Ba ni da wanda zan tsokana. Jika ya kamata ya zuba wa kakarsa ƙasa, ga ni zaune ana yi mini ta'aziyyarsa.

Ya Allah ka jiƙan Haliru, ka haskaka kabarinsa, ka sa gaskiyar da ya tsare wa baƙi ta tsare shi. Ka ba matarsa haƙuri, ka raya marayunsa bisa halinsa. Ni kuma ka yafe mini bayan da na juya masa.

Amsar tambayata tana ɗaure a bakin zanena, tana ƙyalli, ba mai so. Tsohon riyal ne.