Ragin da Yagana Ta Yi Sau Ɗaya

Shekara talatin Yagana ta yi tana haɗa turaren wuta a Kazaure, kuma duk garin an san ba ta ragi. Iyayenta daga Barno suka zo, sana'ar kuwa gadon uwarta ce. Kwalba naira dubu biyar ce ga matar ciyaman, dubu biyar ce ga ƙanwarta ciki ɗaya. Mata sukan yi mita su biya, hankalinsu kwance, don sun san ba a fifita kowa a kansu ba.

Ita ta biya wa Kashim, ɗan ƙaninta, kuɗin difloma a fannin akanta, kuma ya daɗe yana neman damar nuna mata ba ta yi asara ba. Damar ta zo ranar da wani ɗan kasuwa daga Nijar ya nemi kwalba ɗari uku, kowace a dubu uku da ɗari biyar.

Yagana ta ce a ba shi haƙuri. Kashim ya zaro biro. Ya yi mata bayani cewa hayar shago tana nan ko ta karɓa ko ta ƙi. Itace da sukari da turare da kwalba kuwa dubu biyu da ɗari takwas suke ci a kowace kwalba, ga tukwanenta a zaune tun bayan salla. Ribar dubu ɗari biyu da goma ke nan. Lissafin daidai yake. Har yau yakan sake bi, bai taɓa samun kuskure ba.

"Matan nan fa, in suka ji?" in ji ta.

"Gwaggo, Nijar za a kai. Wata ƙasa ce."

Yagana ta yarda, aka yi ciniki. Wata ƙasar kuwa tafiyar babur ce daga Babura. Mako uku tsakani kwalaben suka dawo kasuwar Babura, da sunan Yagana a jiki, dubu hurhuɗu. Hajiya Kaltume ta Roni, wadda ta shekara ashirin tana saye, ta kawo guda har shago ta dire. Ta ce ba dubu ɗayar ce ta dame ta ba. Ashe ana ragi, fuska ake dubawa. Ba ta sake zuwa ba, ta kuma tafi da rabin matan Roni.

Yagana ba ta taɓa faɗin wanda ya ba ta shawara ba. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce ita ta ga dama. Kashim kuwa ya tuna cewa a littafinsu akwai gargaɗi kan irin wannan ciniki: a tabbata kayan ba za su dawo wa masu saye na kullum ba. An ma yi tambayar a jarrabawa, ya kuma ci.

Yanzu duk ƙarshen wata yakan sayi kwalba biyu. Matarsa Bahijja tana da asma, don haka a ƙarƙashin gado ake jera su. Yagana ta sani. Ranar da ya zo da dubu tara, ta ce ya je ya ciko.