Gwaggo Lanti da Littafin Halin Mutane

Ku da kuka san Gwaggo Lanti a Tsiga, kun san ba ta amsa gaisuwa sai ta gama karanta fuskar mutum. Za ta tsaya ta ƙura maka ido, ta zaro littafin nan daga ƙarƙashin hijabi, ta lashi yatsa ta buɗe shafi, sannan ta gaya maka abin da ke damunka da Turanci. Kai kuwa ina kwana kawai ka ce!

Ni na jawo. Ƙanwar babana ce, ni kuma na ja ta ajin yaƙi da jahilci don ta riƙa raka ni. Abin da ya kai ni ajin ita kaɗai na gaya wa. 'Yar farina ta gama sakandare ta dawo gida, amma tsakaninmu daga "ga abinci" sai "to". Kun san al'ada: ba na kiran sunanta, ba na yabonta, ko ido ba mu cika haɗawa ba. Ita kuma yarinyar zamani, ta ɗauka ƙi ne. Ina kallo tana ja da baya, na ce ko in na iya boko za mu samu abin hira.

Malama Bilesin, wadda iyayenta 'yan kudu ne amma a Funtua aka haife ta, ta fara mana da sunan tebur da kujera da Turanci. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Malama, tebur ya taɓa ɓata miki rai?"

"A'a, Gwaggo."

"To me zan yi da sunansa? Ki ba ni sunan mai hassada, da mai rowa, da mai fushi ba dalili. Da su nake kwana, da su nake tashi."

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta cika mata shafi huɗu. Daga ranar gari ya shiga uku.

A wani suna a gidan Alhaji Mudi, matar gidan na rabon nama sai ta tura kwano guda ƙarƙashin gado. Gwaggo ta buɗe littafi a tsakiyar mata.

"Hajiya, ashe Bature ya san da zamanki! Salfish, mai son kansa. Ga ki nan a shafi na biyu."

Hajiya ta jawo kwanon ta fito da shi.

Ranar kasuwar Bakori kuma, direbanmu na ta masifa da wani mai babur. Gwaggo ta taɓa masa kafaɗa.

"Ɗan nan, angiri ce ke cin ka, fushi ke nan. In ka bar ta, difireshin za ta zama, ciwon damuwa ke nan."

"Hajiya, ana samun maganinta a kemis?"

"Maganinta ka rufe baki ka kalli titi."

Mota ta kwashe da dariya. Wata mata ta raɗa mini, "Tsohuwar nan taki ce?" Allah ya yafe mini, na ce, "A'a, a mota muka haɗu." Ashe Gwaggo ta ji. Ko juyowa ba ta yi ba, shafi kawai ta buɗe.

"Wannan kuma ashem ce, mai jin kunyar nata. Jama'a, 'yar wana ce. Haihuwarta biyar, ni na dafa mata ruwan wankan jego!"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ana nan yarinyar ta samu makarantar koyon aikin jinya. Ana gobe za ta tafi, ta je wurin Gwaggo ta yi kuka, wai ko sau ɗaya ban taɓa ce mata na ji daɗinta ba. Gwaggo ta same ni ina surfe.

"Ke Hinde, yarinyar nan za ta tafi da ciwo a zuci. Ki gaya mata."

"Haba Gwaggo, 'yar fari ce fa. Da wane baki?"

"Da bakin Bature. Kunyar nan Bahaushiya ce, ba ta jin Turanci. Ce: ayam faraud of yu. Ina alfahari da ke, ke nan."

Na gaya wa turmi ya fi sau ashirin.

Da safe a tasha yarinyar ta shiga mota, na ce Allah ya kiyaye hanya, na juya abina. Sai na ji hayaniya. Gwaggo ce a gaban mota, ta ware hannuwa.

"Babu inda motar nan za ta sai uwar yarinya ta yi jawabi!"

Masu lodin masara, mai shayi, 'yan acaɓa, kowa ya saki abin da yake yi. Na matso jikin taga. Na kasa ɗaga kai, na kalli tayar baya, na faɗa a hankali yadda aka koya mini.

"Taya ta gode," in ji Gwaggo. "Saura yarinyar."

Na sake faɗa, wannan karon idona ya kai har haɓarta. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na motsi, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Can ta miƙo hannu ta taga ta riƙe ɗan yatsana.

"Na ji, Inna."

Sati biyu ban bi ta tasha ba, 'yan acaɓa sun sa mini suna Baturiya.

Gwaggo ta rasu bayan girbin bara, kanta a kan cinyar yarinyar nan, don ita ta yi jinyarta. Har yau ba na kiran sunan yarinyar, amma duk Juma'a sai ta bugo mini waya mu yi ta hira har kati ya ƙare. Gwaggo ba ta haifi ko ɗaya ba, ita ta mayar mini da tawa, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na gode mata ba, ko da Hausa.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Ya haskaka makwancinki, ya saka miki da abin da na kasa faɗa.