Ɗanasabe Ragileshan da Wuƙar Babana

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Mafara ranar Talata ya san Ɗanasabe, ko da bai san shi da wannan suna ba. Ragileshan ake ce masa. Ni Zakari ni na laƙaba masa sunan don a yi masa dariya, shi kuwa ya kai babur ɗinsa wurin mai fenti aka rubuta masa a baya da jan launi. Haka muke da shi tun muna yara. In na jefe shi da abu sai ya cafe ya yi ado da shi, ya bar ni da cizon yatsa.

Taubashina ne, ɗan Goggo Shatu ƙanwar babana, wadda ta yi aure a Dosara can ƙasar Maradun. Yana da shekara goma sha ɗaya ubansa ya rasu, aka kawo shi gidanmu da riga ɗaya da kaushi a ƙafa. Ubansa manomi ne, don haka yaron bai san inda ake fara fiɗar akuya ba. Mu kuwa rundawa ne kaka da kakanni, fawa muka gada, kuma babana shi ne shugaban mahautan kwatarmu sama da shekara talatin. A al'adar kwatar, shugaba ke yin yankan farko ranar Talata, da wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar ƙaho. Ba mai kwantar da dabba sai wuƙar nan ta ga jini. Tun ban kai tsawon tebur ba nake kallonta a matsayin tawa.

A faɗi gaskiya, na fi Ɗanasabe hannu, kuma shi ma ya sani. Ranar da aka fara kai shi kwata, da ya ga an farka tumbi sai ya ruga bayan katanga ya yi ta amai. Har ya yi gemu in ya feɗe saniya sai ka ƙirga ɓula uku a fatar. Ni kuwa ina fidda fata sumul, masu jima har rububinta suke yi. Amma in baƙi sun zo, Baba sai ya ce, “Zakari na da hannu, Ɗanasabe na da kunne.” Mutane su gyaɗa kai kamar an raba mana daidai. Ni na san ba daidai aka raba ba, don da wanda ke da kunnen ake shawara.

Sunan Ragileshan ya samo asali ne shekara tara da suka wuce. Wani mahauci ya shigo da naman saniyar da ta faɗi a daji, aka saya aka yi abincin suna, gida guda suka kwana asibiti. Hukuma ta kira mahauta bita a Gusau. Ni aji huɗu na bar makaranta saboda an fi bukatata a kwata, shi kuwa da ba a bukatarsa sai aka bar shi ya yi ta karatu har sakandare. Don haka shi Baba ya tura. Bayan kwana uku ya dawo da takarda a cikin leda, ya tara mu gindin dalbejiyar kwata.

“Wanga abu Turawa na ce mai ragileshan,” in ji shi. “Ba irin dokar alƙali ta ba, wadda sai ka yi laihi kaka gamuwa da ita. Ƙa'idar aiki ta, awa ƙohwar ruwan noman rani, ba a toshe ta duka, ba a sakinta duka. Asibiti na da tasu, direbobi na da tasu, masu sai da magani na da tasu. Mu ma ga tamu.”

Tamu ɗin ita ce: ba a sayar da nama a kasuwa sai dabbar ta shigo kwata da ƙafarta, malamin dabbobi ya gan ta a tsaye, bayan yanka ya duba hanta da huhu, sannan ya buga hatimi a cinya. A wannan zama ya faɗi kalmar nan ta Turanci ya fi sau goma. Na ce, “To, Malam Ragileshan, mun ji.” Aka fashe da dariya, har da Baba. Da dariyar ta lafa sai Baba ya ce shi zai riƙa kula da ƙa'idar.

Ya kuwa kula da ita kamar ransa. Ya taɓa mayar da naman aminin Baba daga bakin ƙofa. An zage shi, an daina amsa gaisuwarsa, wani har ya nuna masa wuƙa. Na yi zaton kafin azumi zai gaji. Sai ga masu tsire da mata masu tuwo-tuwo sun fara wuce teburina, ni mai hannun, suna tambayar ina teburin Ragileshan. Nama iri ɗaya, kwata ɗaya, hatimi ɗaya, amma wai nasa ya fi kwanciyar hankali. Abin nan ya ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Bara waccan, bayan babbar Sallah, Allah ya yi wa Baba rasuwa. Dattawa suka ajiye wuƙar a hannun Malam Yakubu, wanda ya fi kowa shekaru a cikinmu, suka ce sai an yi arba'in za a fidda sabon shugaba. Suna biyu ke yawo a baki, nawa da na Ɗanasabe. Rabin dattawan na cewa gado na ɗan gida ne, rabi na cewa zamani ya sake. Ko abinci ba na jin daɗinsa a kwanakin nan.

Saura kwana tara a zauna, ranar wata Litinin, muka haɗa hayar a-kori-kura ni da shi zuwa Dakko ta ƙasar Bakura. Ni raguna na sayo. Shi kuwa ya zuba duk jarinsa a kan wani bijimi na turke, fari tas, tozonsa har ya kwanta gefe. Muna dawowa da hantsi, ba mu yi nisa da garin ba, motar ta faɗa wani rami. Bijimin ya zame, ƙafar gaba ta karye, igiya ta shaƙe shi, ido ya fara juyewa. Kafin Ɗanasabe ya gama salati na dira da wuƙata, na juya shi alƙibla da taimakon direba, na yi bisimilla na yanka. Da na yi jinkirin minti ɗaya da ya zama mushe.

Nama ne lafiyayye, halal, ba abin da ke damunsa. Sai dai bai shiga kwata da ƙafarsa ba. Ina goge wuƙa a ciyawa wani tunani ya zo mini, ban kuma kore shi ba.

Na ce, “Taubashi, mu ruhe shi da tamfol mu tahi. Gobe tun da sahe mu shigo da shi ta baya, mu haɗa da naman da anka buga ma hatimi. Lahiyatai lau, kai ma ka gani.”

Ban faɗi haka don tausayi ba. Niyyata ita ce da naman ya hau teburinsa in jawo hannun Malam Yakubu in nuna masa cinyar da ba hatimi. Daga ranar ba Ragileshan, ba maganar zamani, wuƙa ta dawo gida.

Ɗanasabe ya zauna a bakin hanya ya dafe kai. Ya daɗe haka, har na fara jin daɗi. Can ya ɗago ya ce, “Wa za shi sani?”

Na ce, “Ba kowa.”

Ya ce, “Ai kai ka sani.” Ya tashi ya kaɗe wandonsa. “Ara mani hannunka, ka hi ni iya hiɗa.”

A gindin wata tsamiya muka feɗe bijimin. Ya aika aka kira mutanen ƙauyen da ke kusa, ya ce sadaka ce Allah ya kai ladan kabarin Baba. Ni na sassara ƙashi, ni na kasa, shi yana miƙawa. Tsofaffi suna ta sa masa albarka, ni ina zufa da jini har gwiwar hannu. Fata kawai muka dawo da ita Mafara. Washegari, ranar kasuwa, ya zauna bayan teburinsa ba ko tsoka, yana nuna wa masu cinikinsa teburina.

Cikin makon nan magana ta fara yawo cewa ba sadaka ya yi ba, a ɓoye ya sayar da naman a Bakura. Sharhabilu, wani ɗan baffana mai goyon bayana, shi ya ƙirƙiro ta. Ban sa shi ba, amma na ji, kuma ban ƙaryata ba.

Ranar zaman dattawa, bayan doguwar gaisuwa da addu'a, Sharhabilu ya tashi ya maimaita maganar a gaban kowa. Direban ya yi tafiya kudu, don haka ba wani shaida sai ni. Malam Yakubu ya juyo da wuƙar a kan cinyarsa, a naɗe cikin farin ƙyalle.

“Zakari, kai kana wurin. Mi kag gani?”

Ko ƙarya ba sai na yi ba. Da na ce ban lura ba, ko na ce raguna nake ji da su, shi ke nan an gama. Na kalli Ɗanasabe. Da ya so sai ya faɗi shawarar da na ba shi a bakin hanya, ya kunyata ni a gaban sa'o'in ubana. Bai faɗa ba, bai ma kalle ni ba, yatsun ƙafarsa yake kallo. Wallahi da ya roƙe ni ko da ido ne da na sami ƙarfin yin shiru.

Na ce, “Sadaka yay yi. Ni nir raba naman da hannuna. Ko hanta bai ɗauka ba.”

Malam Yakubu ya ce, “Dukiyatai duka?”

Na ce, “Duka.”

Dattawan suka dubi juna. Ba a ƙara wata doguwar magana ba. Ina zaune aka warware ƙyallen, aka miƙa wuƙar babana ga ɗan manomin Dosara. Mutane suka yi ta yaba mini wai na yi gaskiya, kowane yabo yana sukata. Na je gida na rufe ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izar Baba.

Litinin da la'asar ina wanke tebur sai ga shi a kan babur ɗin nan mai jan rubutu. Ya ciro wuƙar ya miƙo mini.

“Taubashi, wasa mani ita. Ban iya wasa awa kai ba, kada in ji kunya gobe.”

Na karɓa. Ƙotar ta lotsa daidai inda babban yatsan Baba ke zama, nawa kuma ya shige wurin cif. Na wasa ta har tana aske gashin hannu. Da safe ni na danne masa kan saniyar, ya yi yankan farko, aka yi kabbara.

Yau shekara biyu ke nan. Kwatarmu ta gyaru, ba na musu, kuma ba wanda ya sake kwana asibiti saboda namanmu. Duk Litinin da la'asar yakan kawo mini wuƙar in wasa. Ina gamawa sai in juya ta in miƙa masa ta wajen ƙota, yadda ake yi. Har yau sai ya ɗan ja kafin yatsuna su saki.